Garin spirulina da na saya: kayan na da kyau, amma a karanta sunan da ke jikin robar kafin a biya

Jama'a salamu alaikum. Wannan koren garin da ake ta tallarsa yanzu a shagunan maganin gargajiya da status ɗin WhatsApp, wanda ake ce wa spirulina, na saya na yi amfani da shi, kuma ra'ayina kai tsaye shi ne abinci ne mai kyau, wannan ba tantama, amma ba magani ba ne yadda masu talla ke zuzuta shi, kuma kuɗinsa ya yi yawa in ka duba abin da cokali ɗaya ke ba jikinka. Iri biyu na gwada. Ɗaya na cikin roba ne mai gram 100, an like bakinta da takardar azurfa, da rubutu a jiki, na saya a wani babban shago. Ɗayan kuma a leda yake, wani ne ya sayo da yawa ya rarraba ya ƙulla, ba suna ba adireshi ba ranar ƙarewar wa'adi, sai wata 'yar takarda da aka manna an jero cututtuka sun fi goma wai duk yana maganinsu. Ni malamin bayoloji ne a sakandare, shi ya sa ba na iya sa abu a baki ban duba sunansa na kimiyya ba, kuma gaskiya a wannan kayan sunan ne ya fi komai gaya min abin da na saya.

Bari in fara da abin da ido da hanci za su gaya maka. Na robar kore ne shar har ya ɗan yi duhu, in ka kai shi rana za ka ga yana ɗan ɗaukar shuɗi-shuɗi, laushi gare shi sosai kuma yana kama yatsa da cokali da bakin kofi, in ya zuba a farar riga sai ka yi da gaske. Wari akwai shi, ƙarni-ƙarni ne irin na bakin tafki, ba mai tayar da zuciya ba amma wanda bai saba ba zai yamutsa fuska. Na ledar kuwa launinsa ya kode ya koma wajen ruwan ƙasa-ƙasa, ƙarninsa ya fi ƙarfi, kuma da na murza tsakanin yatsu na ji ɗan tsaki-tsaki. Wannan kodewar alama ce ta cewa ko haske da zafi sun ci shi, ko an busar da shi da wuta mai yawa, ko kuma an haɗa da wani garin ganye don ya yi auki.

Akwai gwaji mai sauƙi da kowa zai iya yi a gida. Ka ɗebi rabin ƙaramin cokali ka zuba a kofin gilas na ruwa mai sanyi, ka juya, ka ajiye a inuwa ka bar shi ya kwana. Da safe garin zai kwanta a ƙasa, ruwan sama kuma in kayan na gaske ne zai rine ya zama shuɗi, shuɗi mai kyau wallahi, kuma in ka ɗaga kofin ka haska shi da rana ta gefe za ka ga wani ja-ja yana walƙiya a ciki. Na robar haka ya yi. Na ledar ruwansa kore-kore ya tsaya mai dauɗa, shuɗin kaɗan ne ƙwarai. Wannan shuɗin wani sinadari ne da ake kira phycocyanin, sunan daga Girkanci yake, phykos ciyawar teku, kyanos kuma shuɗi mai duhu. Garin kuka ko zogale ko alayyafo ba za su taɓa ba ka wannan launin ba, to ka ga in an yi maka algus nan take za ka gane.

Yanzu ga maganar suna, wanda shi ne ya sa na zauna rubuta wannan. A gaban robar an rubuta Spirulina da manyan baƙaƙe, amma in ka juya baya wajen jerin abin da ke ciki sai ka ga an sa Arthrospira platensis da ƙananan baƙaƙe a karkace. Na tambayi yaron shagon na ce ɗan'uwa wannan na bayan fa mene ne, ya ce ai Malam sunan ganyen ne da yaren likitoci, wani ganye ne da ke fitowa a ƙarƙashin teku. To ba ganye ba ne kuma ba daga teku yake ba, kuma ban ga laifin yaron ba don abin da aka gaya masa ke nan, amma ya kamata mai shago ya koya wa yaransa abin da suke sayarwa tunda abin ci ne.

Spirulina daga Latin aka samo shi. Spira na nufin abin da ya naɗe ya murɗe, su ma Rumawa daga Girkawa suka aro kalmar, sai aka ƙara mata ɗafin ƙanƙantarwa ta zama spirula, wato ɗan ƙaramin naɗi. Wani Bafaranshe masanin tsirrai mai suna Turpin ne ya fara sa wannan sunan a 1827, bayan ya ga wasu siraran zarurruka a ruwa masu siffar sifirin ɗin cikin biro. Abin da halittar take ke nan, zare ne kore siriri da ido ba ya iya rarrabe shi, ya murɗe, yana yawo a ruwa, in sun taru da yawa sai ka ga saman ruwa ya yi kore kamar gansakuka. A 1852 sai wani likita Bajamushe, Stizenberger, ya lura cewa cikin waɗannan masu murɗewar akwai waɗanda zarensu ya fi kauri kuma ana ganin rabe-rabe a jikinsa, ƙwayar halitta na bin ƙwayar halitta da 'yar katanga tsakaninsu. Sai ya ware su ya ba su suna Arthrospira. Arthron da Girkanci gaɓa ke nan, irin ta yatsa ko ta kara, shi ne ma tushen kalmar da likitoci ke kiran ciwon gaɓoɓi da ita. To Arthrospira naɗi mai gaɓa-gaɓa ke nan.

Na ɗauki ɗan garin na kai lab ɗin makarantarmu, na jiƙa na ɗiga a gilas na sa a maikiroskop. Ba za ka ga dogon naɗi cikakke ba don injin busarwa ya kakkarya su, abin da za ka gani guntaye ne masu lanƙwasa, wasu rabin zobe, wasu sun ɗan fi haka, launinsu kore mai shuɗi, kuma in ka ƙara girman madubin ka daidaita haske sosai sai ga layukan nan a gicciye suna raba zaren gida-gida. Ɗalibaina sun yi layi suna leƙawa, wata yarinya ta ce Malam ai da gaske gaɓoɓi gare shi. Na ji daɗin wannan ƙwarai, don sunan da suke ganin haddar wahala ce sai ga shi ya zama bayanin abin da ke gaban idonsu. A na ledar ma na ga guntayen, wato akwai spirulina a ciki, amma tare da su akwai wasu ɓarɓashi masu siffar daban da ba nasa ba ne.

To me ya kawo sunaye biyu a roba ɗaya? Masana ne suka yi ta ja-in-ja shekara da shekaru. Gomont, wani Bafaranshe, a babban aikin da ya yi a 1892 ya bar su a matsayin jinsi biyu daban. Daga baya Geitler, mutumin Ostiriya, ya haɗe su wuri ɗaya ƙarƙashin Spirulina a littafinsa na 1932, kuma littafin nan shi kowa ke dubawa a lokacin. To daidai shekarun da aka fara noman abin don sayarwa, wato 1960 da wani abu zuwa 1970 da wani abu, sunan da ke bakin masana shi ne Spirulina, sai 'yan kasuwa suka ɗauka suka buga a kwali. Da aka zo aka sake tabbatar da cewa jinsi biyu ne, har ma binciken ƙwayoyin gado ya nuna ba su da kusanci sosai, suna ya riga ya bi kasuwa, ba mai iya dawo da shi. Shi ya sa abin da muke sha da sunan spirulina a wajen masana ba Spirulina ba ne. Ainihin masu wannan sunan suna nan, sirara ne ƙwarai, kuma ba su ake nomawa don ci ba.

Kashi na biyu na sunan, platensis, shi ya fi ba ni sha'awa. Wannan ɗafin na ensis a Latin yana nuna inda abu ya fito, aikin da ba ke yi a Hausa in mun ce Bakano ko Bakatsine. Duk wanda ya taɓa duba sunayen itatuwanmu ya gamu da shi: maɗaci Khaya senegalensis, sabara Guiera senegalensis, gwandar daji Annona senegalensis, duk wai na Senegal, ba don a can kaɗai suke ba sai don a can Turawa suka fara tsinkar samfurinsu suka rubuta. To platensis na nufin na La Plata, wato Rio de la Plata, babban mashigin ruwan nan da ke tsakanin Ajantina da Uruguwai, plata kuwa azurfa ce da Sifaniyanci. Samfurin farko daga wajen Montebidiyo, babban birnin Uruguwai, aka samo shi, wani masani ɗan Suwidin mai suna Nordstedt ya siffanta shi. Don haka in mai talla ya ce maka platensis na nufin akwai sinadarin wani ƙarfe mai tsada a ciki, kamar yadda na ga wani ya rubuta, ba haka ba ne sam, sunan wuri ne kawai.

Kuma maganar ba ta tsaya nan ba. A 2019 wasu masu bincike daga Folan da Cek suka duba ƙwayoyin gado suka ce waɗanda ake nomawa don ci ma ba su dace da zama cikin Arthrospira ba, don asalin wanda aka fara ba wannan sunan na ruwan daɗi ne, su kuwa na ci a ruwa mai kanwa suke rayuwa. Sai suka ƙirƙiro sabon jinsi, Limnospira, daga limne, wato tafki da Girkanci. Naɗin tafki ke nan. A ƙarƙashinsa akwai maxima, mafi girma, akwai indica, na Indiya, akwai fusiformis, mai siffar mazari, don fusus a Latin mazarin kaɗi ne, naɗin ya yi kauri a tsakiya ya tsuke a baki biyu. To in ka ga roba an rubuta Limnospira kada ka ce jabu ne, hasali ma alama ce kamfanin na bin abin da masana ke ciki. Arthrospira platensis ma daidai ne, shi ya fi yawa a kasuwa. Wanda zan guje masa shi ne wanda ba a rubuta ko ɗaya ba.

Wani abu kuma, a jikin robar an kira shi alga, mu kuma mu ce gansakuka. Alga a Latin ciyawar da teku ke watsowa gaɓa ce, Rumawa ma in za su raina abu sai su ce ya fi alga rashin daraja. Amma in za a bi ƙa'ida wannan halittar ba ta cikin gansakuka na ainihi, bakteriya ce, daga dangin da ake kira cyanobacteria, ga kyanos ɗin nan na shuɗi ya sake dawowa. Ƙwayar halittarta ba ta da cibiya irin ta tsirrai, sai dai tana haɗa abincinta da hasken rana kamar yadda ganye ke yi. Kada kalmar bakteriya ta tsorata kowa, nono da kindirmo da daddawa duk aikin bakteriya ne. Kuma wannan ne ma ya sa take saurin narkewa a ciki, don ba ta da tauri irin na bangon ƙwayar tsiro. A shagon akwai wata robar a gefe an rubuta Chlorella, yaron ya ce duk ɗaya ne, to ba ɗaya ba ne. Chlorella gansakuka ce ta gaske, ƙwaya ɗaya zagayayya mai taurin bango, sunanta daga chloros, kore, da ɗafin ƙanƙantarwa, wani masani ɗan Holan, Beijerinck, ya sa mata shi a 1890, kuma in ka jiƙa ta ba za ta ba ka shuɗi ba.

Abin da ya fi taɓa ni a duk labarin nan shi ne, wannan abin da ake kawo mana daga Sin da Indiya da Amurka a roba mai ƙyalli, maƙwabtanmu na Chadi sun daɗe ƙwarai suna cinsa. A yankin Kanem, arewa maso gabashin Tafkin Chadi, akwai ƙananan tafkuna masu kanwa tsakanin tuddan rairayi, kuma ruwan kanwa mai ɗumi shi ne gidan wannan halitta, yawancin sauran halittu ba sa iya zama a ciki sai ita ta mamaye. Matan Kanembu ne ke kwasarta. Suna shiga ruwan su yaɗo koren da ya taso sama su zuba a tukwane, su je kan rairayi su yi ɗan rami mai faɗi su juye a ciki, ruwa ya tsotse ƙasa, abin ya yi kauri, su tsaga shi gida-gida, rana ta busar da shi ya zama dunƙule-dunƙule masu duhun kore. Sunansa a wajensu dihe. Ana kai shi kasuwanni, uwar gida ta saya ta jiƙa ta tace rairayin, ta yi miya da shi da tumatir da barkono da su albasa, a ci da tuwon gero. Wani bincike da aka buga a shekarar 2000 kan tafkin Kosorom ya ƙiyasta cewa daga wannan tafki kaɗai ana samun wajen tan 40 na dihe a shekara, kuma sana'ar ta mata ce zalla, maza ba sa shiga ruwan.

Ta nan ma masanan Turai na zamanin nan suka gano shi a matsayin abinci. A 1940 wani masanin gansakuka Bafaranshe, Dangeard, ya samu samfurin da aka sayo a kasuwar Masakori da ke Chadi ya duba ya rubuta abin da ya gani, amma ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu ba wanda ya kula. Sai a 1964 zuwa 1965 wani masanin tsirrai ɗan Beljiyam, Jean Léonard, da ke cikin wata tawagar ƙetare Sahara ya ga dunƙulen a kasuwar Fort Lamy, wato Injamena ta yanzu, ya bi diddigi har aka auna aka ga yawan furotin da ke ciki, daga nan ne bincike ya kankama. Can ɗaya ɓangaren duniya kuma mutanen Aztek na Meziko suna kwasar irinsa a tafkin Teskoko suna kiransa tecuitlatl, Sifaniyawan da suka ci ƙasar a ƙarni na 16 sun rubuta sun gan shi a kasuwa, kuma a gefen wannan tafkin aka kafa masana'antar farko ta sayar da shi a shekarun 1970. Ni dai abin da ke damuna shi ne ba ko kalma ɗaya game da Kanem a jikin robar da na saya, kuma mu da muke sayen kanwa da ungurnu daga wannan yankin tun zamanin kakanni ba mu san dihe ba sai da ya zagayo ta jirgin ruwa.

To mu dawo kan amfani, don nan ne kuɗin mutum yake. Gaskiya ne busasshen spirulina fiye da rabinsa furotin ne, tsakanin kashi 55 zuwa 70 cikin 100, kuma wannan adadi ne babba, nama da wake ba su kai haka ba in aka auna nauyi da nauyi. Amma nawa kake sha? Ƙaramin cokali ɗaya wajen gram 3 ne, wato furotin wajen gram 2. Ƙwai ɗaya na da wajen gram 6. Ka ga sai ka sha cokali uku kafin ka kamo ƙwai ɗaya, kuma in ka raba kuɗin robar da yawan cokulan da ke ciki za ka ga ƙwan ya fi araha, balle a zo ga wake da ƙuli-ƙuli da awara. Mutanen Kanem da suke amfana da shi miya suke yi da shi, da yawa suke zubawa, kuma a bakin tafkinsu yake. Inda ya yi fice shi ne sinadarin ayon, wato ƙarfe, mai taimakon jini, da wasu bitamin na rukunin B, da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, shi ya sa ake amfani da shi a wasu cibiyoyin kula da yara masu tamowa a ƙasashen Afirka a matsayin ƙari kan kunu. Ƙari fa na ce, ba madadin abinci ba.

Akwai abu ɗaya da aka rubuta a jikin robar da ban yarda da shi ba, wai tana cike da bitamin B12. Mafi yawan abin da ke ciki mai kama da B12 ne kawai, jikin ɗan Adam ba ya iya aiki da shi, masana sun daɗe da bayyana haka. Wanda likita ya ce masa yana da ƙarancin B12 ya nemi hanta da kifi da ƙwai da madara ko allurar da aka rubuta masa, kada ya dogara da wannan. Ita kuwa takardar jikin ledar nan mai cewa yana maganin ciwon suga da hawan jini da sikila da rashin haihuwa da kansa, wannan ta ɓata min rai matuƙa, don na san akwai baiwar Allah da za ta karanta ta ajiye maganin asibiti ta kama wannan. Akwai ƙananan bincike da suka nuna yana iya ɗan rage kitsen jini, iyakarta ke nan, ba wanda ya warke daga sikila da koren gari. Ku ji tsoron Allah masu rubuta irin wannan.

Ni a jikina abin da na lura bai wuce cin abinci na ya ɗan ƙaru ba, kuma bai ɓata min ciki ba. Bayan gida yakan yi duhun kore, wannan ba komai ba ne, launin ne ke fita. Wasu sukan ji kumburin ciki ko ɗan ciwon kai a farko, don haka a fara da rabin cokali. Yadda ya fi shiga a wajena shi ne cikin fura da nono ko yogot da ayaba, tsamin na danne ƙarnin. A kunun gyaɗa ma ba laifi in ya huce. A ruwa zalla kam da wuya. Uwargida ta gwada shi a miyar kuɓewa busasshiya, ta zuba bayan ta sauke tukunya, ya yi daɗi sosai da ɗan yaji da daddawa, ƙarnin ya ɓace ya koma kamar an sa busasshen kifi. A lura kada a tafasa shi, zafi na kashe shuɗin nan. Masu ƙwaya ma akwai, wato an matse garin ya zama kamar ƙwayar magani, sun fi sauƙin haɗiya ga wanda ba ya son wari amma sun fi tsada in ka lissafa gram.

Sai maganar tsaro, wadda ita ce ta sa nake nanata a duba jikin roba. Wannan halitta tana zuƙar abin da ke cikin ruwan da ta girma, in ruwan na da dalma ko wasu ƙarafa masu guba to suna cikin garin. Sannan akwai 'yan uwanta na dangin cyanobacteria masu dafi, musamman wata da ake kira Microcystis, ma'anar sunan ƙaramar jaka, wadda ke fitar da gubar da ke lalata hanta, kuma in ba a kula da tafkin noma ba tana iya cakuɗuwa da ita, ido ba zai gane ba. Wannan ne ma dalilin da ya sa ba kowace gansakuka ta kududdufi za ka kwasa ka ce ka samu spirulina ba, don Allah kada wani ya gwada, dabbobi na mutuwa da shan irin wannan ruwan. Kamfanin kirki yana gwada kowane zubi a lab ya rubuta lambar zubin da ƙasar da aka noma. Robar da na saya tana da sunan kimiyya, da ƙasar da aka yi, da lambar zubi, da ranar ƙarewa, da lambar NAFDAC. Ledar ba ta da ko ɗaya, da na tambayi mai ita daga ina yake sarowa sai ya ce daga waje, na ce wace ƙasa, ya ce shi ma a hannun wani yake karɓa. Ban ƙarasa shanye ta ba kuma ban ba yara ba.

Mai juna biyu da mai shayarwa su tambayi likita tukunna. Haka mai shan maganin tsinka jini, da mai ciwon ƙoda, da mai irin cutar nan da garkuwar jiki ke yaƙar jiki, don ana jin yana ƙara zaburar da garkuwar. Akwai kuma wata cutar gado da ba ta da yawa, wadda jiki ba ya iya sarrafa wani sinadarin furotin mai suna phenylalanine, masu ita ba sa shan wannan kwata-kwata.

Game da shagon kansa, an karɓe ni da mutunci, sun bar ni na juya robar na karanta ba tare da gaggawa ba, har yaron ya kawo min kujera, kuma sun ba ni rasit. Abin da zan ce su gyara shi ne sun jera robobin a kantar da ke jikin gilashin ƙofa inda rana ke dukansu da yamma, wannan kayan kuwa haske da zafi ne maƙiyansa, ni sai da na ce a ɗauko min daga cikin kwali a ciki. A gida ma a rufe shi ruf a sa a wuri mai sanyi da duhu, kada a sa jiƙaƙƙen cokali a ciki, in damina ta shigo yana saurin dunƙulewa.

Zan sake saye? Na robar e, ƙarama, don fura da miya lokaci-lokaci da kuma nuna wa ɗalibai. Na leda a'a ko kyauta ne. Wanda kuɗinsa ya yi kaɗan kuma yana neman abin gina jikin yaransa, ni a ganina ya sayi ƙwai da wake da zogale ya fi masa. In kuma akwai 'yan kasuwarmu masu bin hanyar Gamboru zuwa Injamena ko masu zuwa Bol da Mao a Chadi, ina roƙonsu su duba maganar dihe, a samu wanda aka tace da kyau ba rairayi, a kai shi lab a gwada, a zuba a roba a rubuta sunan kimiyya da sunan tafkin da aka kwaso shi, ni zan saya.